Ciyawar da Ba a Takawa

Halina, matar yayana Calvin, ta rasu wata safiya a watan Oktoba, kafin rana ta faɗi kuwa an fara gardamar inda za a binne ta. Mu 'yan gidan Welby haka Allah ya yi mu. Mai rai bai cika damunmu ba, amma a kan mamaci sai mu kira taro.

Maƙabartar gidanmu tana kan tudu, bayan rumfunan shanya taba, an kewaye ta da katangar duwatsu da ba ta wuce ƙugu ba. Wanda ya fara kwanciya a cikinta shi ne Barnabas Welby, wanda duk zuriya ke kira Tsoho. Masaƙi ne daga wani ƙauye a Ingila. Ya hau jirgin ruwa a 1635 da matarsa Susanna da 'ya'ya biyu, saboda an hana su yin ibada yadda suka ga daidai. Susanna ba ta ga gaɓar ƙasar nan ba. Zazzaɓi ya kashe ta a tsakiyar teku, aka naɗe ta a ƙyalle aka sake ta cikin ruwa. Shi kuma ya sauka da yaransa, ya bi ayarin da ya keto daji da shanu har bakin kogin Connecticut, ya kafa bukka a gindin tudun nan. Ƙasar tana da masu ita tun kafin ya zo, amma wannan ba ya cikin abin da ake karanta mana a taron shekara. Bai sake aure ba. Ya tsufa ya mutu, aka kafa masa jan dutse mai zanen ƙoƙon kai da fikafikai, shi kaɗai can kusa da katangar yamma.

Rubutun dutsen yana duban yamma. Tsakaninsa da katanga akwai 'yar ciyawa, tsawon mutum da ɗan ƙari. Ta gefe guda wani falalen dutse ya taso daga ƙasa, ta ɗaya gefen kuma saiwoyin wani tsohon itace sun yi kane-kane. Nan ne kabarin Tsoho, kuma ba a taka shi. Ita ce doka ta farko da yaro ke koya a gidanmu, tun bai iya ɗaure igiyar takalmi ba. Ina ƙarama na taɓa sa ƙafa ɗaya a kai garin guje-guje, mahaifiyarmu ta ɗauke ni da marin da har yau ban manta ba. Ko injin yanke ciyawa ba ya hawa wurin. Da almakashi ake gyara ta, mutum ya durƙusa a kan falalen ya miƙa hannu. Hanya kuwa ta bayan dutsen ta bi, ta gabas, inda ƙafafun zuriya suka daddale ƙasa har ciyawa ta daina fitowa.

Duk ƙarshen watan Mayu dangi sukan taru, wasu daga Ohio, wasu daga wuraren da ban taɓa zuwa ba. Sai a jeru a wajen katangar yamma ana duban rubutun, mai karatu kuma ya tsaya a bayan dutsen, ya ɗora hannu a kansa, ya karanto tarihin Tsoho da sunayen waɗanda suka biyo bayansa. In an gama, a kan wannan hanyar ake jera tebura a ci dafaffen wake da kek ɗin tuffa. Shekaru kusan arba'in mai karatun ɗaya ne, Prescott, ɗan baffanmu, tsohon lauya daga Hartford kuma shugaban ƙungiyar zuriya. Mahaifinmu ya damƙa wa ƙungiyar maƙabartar tun yana da rai, don kada a sayar da ita tare da gona wata rana, shi ya sa ba a haƙa rami a ciki sai da yardar Prescott. Mutum ne da ke faɗin sunan Welby kamar yana tsotsar alewa. Ba mugu ba ne, amma ban taɓa zama da shi na minti goma raina bai ɓaci ba.

Halina kuwa 'yar wani mutumin Poland ce da ke yankan taba a gonar mahaifinmu, kuma 'yar Katolika. Da Calvin ya aure ta mahaifiyarmu ba ta je ɗaurin auren ba, ta kuma ci gaba da ce mata "yarinyar nan" har Halina ta yi furfura. Halina ba ta taɓa mayar mata da magana ba. Ita ta yi jinyar tsohuwar a ciwonta na ƙarshe, ita ta riƙa juya ta tana wanke ta, ni ina can birni ina koyarwa. Da gwiwoyin mahaifiyarmu suka ƙi durƙuso, ita ta karɓi almakashin. Shekara hamsin da ɗoriya tana gyara ciyawar mutumin da zuriyarsa ke mata kallon baƙuwa. Na ƙaunace ta ƙwarai, fiye da da yawa daga cikin waɗanda muka haɗa jini da su.

Da ciwo ya ci ƙarfinta ta sa Calvin ya yi mata alkawari, ina zaune a bakin gadon. Ta ce ita a gonar nan aka haife ta, a ɗakin ma'aikata, ta kuma fi kowace mace ta gidan Welby sanin ƙasar nan da hannunta.

"A kan tudu za ka sa ni, Calvin," ta ce. "Kai ma ka zo ka kwanta tare da ni. Kada ka bar ni ni kaɗai cikin danginka, ka san halinsu."

Ya yi dariya ya ce ya ji. Calvin ya haura tamanin a lokacin, kuma tun da nake da shi ban taɓa ganin ya ce ya ji ya fasa ba.

Washegarin rasuwar Prescott ya iso da baƙar kwat da takalma masu sheƙi. Muka zauna a kicin, ni da Calvin da ɗansu Warren, wanda shi ke riƙe da gonar yanzu, shi ma furfura ta fara masa. Prescott ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, ya yabi girkin Halina, ya yabi haƙurinta. Sannan ya gyara zama ya ce abin takaici, maƙabarta ta cika. A nan kam bai yi ƙarya ba, tun da aka sa mahaifiyarmu kusa da ƙofa kowa ya san wuri ya ƙare. Ya ce ai iyayenta suna maƙabartar Katolika a hayin kogi, ya kuma ji 'yan'uwanta sun ce akwai wuri, kuma a ganinsa mutum ya fi samun hutu cikin nasa.

"Nata su wa, Baffa?" Warren ya ce. "Ni ba nata ba ne? Ko ni ma hayin kogi za ku tura ni in na mutu?"

Prescott ya ce ba haka yake nufi ba, kowa ya san Warren jinin Tsoho ne. Na ce masa to jinin daga sama ya faɗo, bai biyo ta cikin mace ba ke nan. Ya ce, "Winifred, ke dai bakinki ba ya tsufa." Na ce nasa ma haka.

Da muka gaji sai Calvin ya sa baki. Ya ce shi ba gardama ya zauna yi ba, ya yi alkawari, wurin mutum biyu yake nema a cikin katanga, ko ina ne. Prescott ya daɗe yana juya kofin kofinsa. Can ya ce in dai ko ina ne, akwai hanya. Bayan dutsen Tsoho akwai fili da zai ɗauki biyu gefe da gefe. Sai dai ba za a kafa dutse mai tsayi ba, a shimfiɗa na kwance daidai da ƙasa, don taron shekara ba zai tashi daga wurin ba, nan mai karatu ke tsayawa, nan ake jera tebura.

Kowa a kicin ɗin ya gane abin da aka ba mu. Za a sa Halina inda duk Welby mai ƙafa zai taka ta, a ci wake a kanta. Warren ya miƙe har kujera ta faɗi. Ni kaina na buɗe baki, Calvin ya ɗaga min hannu.

"Na karɓa," ya ce. "In sun taka ta sun taka ni. Ai tare za mu kwanta."

A gidanmu maza ke haƙa kabarin nasu da hannu. Mota mai haƙa ma ba ta da ta inda za ta shiga katangar. Da gari ya waye Warren ya hau tudu da diga da shebur, Calvin ya bi shi da sanda ya zauna a kan katanga, ni kuma na biyo su da kofi. Ganyaye sun zubo sun rufe kaburbura, da ɗan sanyi amma ƙasa ba ta daskare ba tukuna. Warren ya ja layi a bayan dutsen Tsoho ya fara sara. Saman ƙasar ya yi tauri kamar daɓe, ya sha wuya kafin ya fasa shi. Yana aiki yana ƙunƙuni.

Ramin ya kai masa ƙugu sa'ad da ya tsaya. Ya ce ƙasar ta yi laushi fiye da yadda ya zata, kuma ga wani baƙin layi ya fito a cikinta, miƙaƙƙe kamar an ja shi da gawayi. Ya sunkuya ya tsinto wani abu ya miƙo min. Ƙusa ce, tsatsa ta cinye ta, mai kai kamar an buga shi da guduma a maƙera. Ya tsinto wata. Calvin ya ce ya ajiye shebur ya yi da hannu. Warren ya durƙusa yana share ƙasa a hankali ta wajen gindin dutsen, sai na ga kafaɗunsa sun tsaya cak.

"Baba, akwai mutum a nan."

Na leƙa. Abin da ya rage ba shi da yawa, guntun muƙamuƙi ne mai launin ƙasa da 'yan haƙora a jikinsa, sai wani koren tabo kusa da shi. Abin da ya fara zo min shi ne wani aka kashe aka ɓoye a nan, ko wani bawa ko baƙo da aka tura ƙarƙashin hanya ba suna. Calvin ya cire hularsa. Ya ce wa Warren ya fito a hankali kada ya taka komai, ya je ya kira hukuma, don doka ta ce in an ci karo da ƙashin mutum ba a ci gaba.

Ɗan sanda ya zo ya duba ya ce wannan ya girmi aikinsa. Da rana ta karkata sai ga wata mata daga ofishin jiha mai kula da tsofaffin kaburbura, da takalman roba da doguwar sandar ƙarfe. Ta shiga ramin da ɗan buroshi, ta daɗe a ciki. Ta fito ta bi hanya ta yi gabas tana soka ƙarfen, har ya daki wani abu. Ta tone da hannu, sai ga guntun jan dutse a tsaye cikin ƙasa, an karya kansa, irin dutsen Tsoho sak. Ta tambaye mu ko mun san an taɓa cire ƙananan duwatsu daga nan. Calvin ya ce kakanmu ya taɓa faɗa masa cewa ubansa ya tuge wasu gajerun duwatsu da ke karya masa lauje, ya shimfiɗa su a ɗakin ajiye madara. Ya ce shi ya ɗauka alamun iyaka ne.

Sai ta yi mana bayani, a hankali, kamar mai ba da labarin rasuwa. Ta ce mutanen farko ba sa binnewa yadda muke yi. Kai suke sawa yamma, ƙafafu gabas, domin ranar tashin ƙiyama mamaci ya tashi zaune fuskarsa na duban fitowar rana. Duwatsu biyu suke kafawa, babba a kai, ƙarami a ƙafa, kamar kan gado da ƙafarsa. Rubutun kuma waje suke juya shi, ba ciki ba, don mai karantawa ya tsaya a kan ƙasar da ba kowa, kada ya taka mamaci. Koren tabon nan, ta ce, na allurar tagulla ce da aka maƙale likkafani da ita.

"To wane ne a ramin?" Warren ya tambaya, ko da yake na ga ya riga ya sani.

"Mai sunan da ke jikin dutsen," ta ce.

Ta zagaya ta hau falalen, ta nemi izinin Calvin, ta soka ƙarfenta cikin ciyawar da ba a takawa. Ta soka nan ta soka can, tana zaro shi tana duba ƙasar da ya ɗebo. Ta ce wannan ƙasa ba a taɓa haƙa ta ba tun da aka halicce ta.

Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Kakanni sun juya rubutu don kada a taka su, mu kuma muka mai da wurin tsayuwa haram muka buɗe hanya a kan ƙirjin mutumin. Mun ci wake a kansa, yara sun yi tsalle a kansa, an mare ni a kan ciyawar da ba kowa a ƙarƙashinta. Kunya ce ta fi yawa a abin da na ji. Sai kuma na tuna Halina a durƙushe kan falalen nan da almakashi, bayanta na ciwo, tana miƙa hannu don kada gwiwarta ta taɓa wurin, a nan ne hawaye suka zo min.

Warren ya kira Prescott, ya iso kafin matar ta tafi. Ya shigo ta ƙofa ya bi hanya kamar yadda ya saba, har ya zo bakin ramin. Matar ta maimaita masa abin da ta faɗa mana. Ya nemi ya yi musu, ya ce duk abin da aka rubuta game da zuriya ya karanta, ba inda aka ce haka. Ta nuna masa guntun dutsen ƙafa, ta nuna masa ƙusoshin. Ya duƙa ya leƙa ramin, daidai inda ya saba tsayawa hannunsa a kan dutse. Na ga fuskarsa ta zube. Ya ja da baya a hankali har ya sauka daga hanyar, ya tsaya cikin ganyaye yana duban takalmansa. Na shirya masa maganganu tun daga kicin, amma ban iya faɗin ko ɗaya ba.

Matar ta ce in mun yarda a mai da komai yadda yake a rufe, ba sai an ɗauke shi ba. Calvin ya ce haka za a yi. Warren ya mayar da ƙusoshin inda ya same su, ya fara zuba ƙasa da hannu kafin ya ɗauki shebur. Da aka gama rufewa sai muka tsaya cirko-cirko, don kowa ya tuna abin da ya kawo mu. Halina na kwance a gidan masu shirya gawa, jana'iza jibi, kuma wurin da aka ba mu ya tashi.

Warren ne ya fara duban ciyawar. Ya ce ga wuri nan, ba kowa a ciki, kuma in akwai wanda ya cancance shi a duniya to uwarsa ce. Na zaci Prescott zai tayar da jijiyar wuya. Ya dai ce mutane sun saba, za a yi surutu a ƙungiya, kuma bai kamata a kafa wani dutse ya tare rubutun Tsoho ba. Muryarsa ba ƙarfi. Warren ya ce za a sassaƙa sunanta a jikin dutsen katanga, ba abin da zai tare. Prescott ya ɗaga kai ya dubi Calvin.

"Ɗan'uwa, ni yau ba ni da bakin hana kowa komai a nan," ya ce.

Sai Warren ya tsallaka ya sa ƙafa a kan ciyawar. Na ji gabana ya faɗi duk da abin da na sani. Ya gwada faɗin wurin da ƙotar shebur, daga falalen zuwa saiwoyin itacen, ya sake gwadawa. Ya juyo bai dubi ubansa ba. Ya ce akwati ɗaya zai shiga, shi ma da ƙyar.

Muka shiga neman dabara. Na ce a sare saiwoyin, Warren ya ce su ke riƙe da itacen, iskar farko ta hunturu zai faɗo kan dutsen Tsoho. Falalen kuwa ba a fasa shi sai da nakiya. Prescott, da sauƙin murya wannan karon, ya ce a hayin kogi akwai wurin biyu, Fada, limamin cocin Katolikan, ba zai hana Calvin kwanciya kusa da matarsa ba. Ba da mugunta ya faɗa ba, kuma gaskiya ce. Amma alkawarin kashi biyu ne, a kan tudu, kuma tare. In an sa ta nan ita kaɗai an bar ta cikin dangin da ta ce kada a bar ta. In an kai su hayi an fitar da ita daga ƙasar da ta roƙa. Na dubi yayana a kan katanga, hula a gwiwa, hannayensa a kan sanda, na ji tausayinsa ya kama ni. Bai taɓa neman komai a wurin zuriyar nan ba sai wannan.

Rana ta kusa taɓa rumfunan taba sa'ad da ya yi magana.

"Warren, ƙarfen matar nan har ina ya shiga?"

"Har ya ƙare, Baba. Bai taɓa dutse ba."

"To faɗi ne babu, zurfi akwai. Ka haƙa na biyu a ƙasan na farko. Ita a ƙasa, ni a sama."

Ba a taɓa yin haka a maƙabartarmu ba, amma ba wanda ya ƙi. Matar ta ce ba ta san dokar da ta hana ba, in dai an tokare bangon ramin da katako don kada ya rufta wa mai haƙa.

Washegari tun da safe aka fara. Warren ya yanke ciyawar falle-falle ya jera ta a kan katanga, don a mayar. Ƙasar ja ce, mai tsabta, ba ko tsakuwa. Da ramin ya wuce kansa sai ya kasa jefo ƙasa waje, dole sai da guga da igiya, kuma Calvin ba shi da ƙarfin ja. Ina shirin kiran maƙwabta sai ga Prescott ya hauro tudu cikin tsohuwar rigar aiki da ban san yana da ita ba. Bai gai da kowa da yawa ba, ya kama igiya. Mutum mai shekara saba'in da wani abu, hannunsa bai san komai ba sai alƙalami, ya yini yana jan guga har tafukansa suka fashe. Ban ce na yafe masa maganar kicin ba, amma na ɗaure masa hannu da ƙyalle na ba shi kofi. Warren daga cikin rami ya ce, "Baffa, ja da ƙarfi mana, ai ba shari'a ba ce da za a ɗaga ta sai wata mai zuwa." Prescott ya yi 'yar dariya ya ja.

Ranar jana'iza Fada ya zo daga hayin kogi tare da 'yan'uwan Halina, faston cocinmu ma ya zo, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Mutane suka shigo ta ƙofa suka tarar Warren ya kewaye hanyar da igiya, sai suka rarrabu ta gefe suna tambayar juna. Aka sa kanta yamma, ƙafafu gabas, yadda mutanen farko ke yi. Igiyoyin da masu shirya gawa suka kawo ba su kai ba, sai da aka ɗauko na rumfar taba aka ƙulla. Akwatin ya yi ta sauka, ya yi ta sauka, har inuwar ramin ta rufe shi.

Calvin ya matso bakin ramin, na riƙe masa gwiwar hannu. Ya leƙa ya daɗe.

"Ta yi nisa, Winnie," ya ce.

"Wurinka ne ya sa, Yaya."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗebi ƙasa ya saki, muka ji ta daɗe kafin ta sauka. Ya ce wa Warren idan ya zo daidai inda nasa zai zauna ya shimfiɗa katako, don kada mai haƙa na gaba ya wuce ya dame ta.

Bai kai bazara ba. Ya rasu a watan Fabrairu, a kujerarsa, ƙasa kuwa ta daskare har diga na tsalle a kanta. Aka ajiye shi a ɗakin ajiyar gawa na maƙabartar gari tare da sauran waɗanda hunturu ya ɗauka, muka jira. Wannan jiran ya fi mutuwar damuna. Kullum na duba tudu ta taga sai in ce a raina har yanzu tana can ita kaɗai. Da ƙanƙara ta narke a Afrilu Warren ya hau da shebur, ya ɗaga ciyawar, ya haƙa har ya ji ƙarar katako, ya tsaya. Muka sauke Calvin a kai. Igiyoyin masu shirya gawa sun isa wannan karon, har da saura.